Makullin ƙofar baya yana hannun wa da ƙarfe biyun dare?

Kwana goma sha uku na yi ina kwana a kan tabarma a gindin gadon Babanmu a wani asibiti a nan Garwa, arewacin Kamaru, lokacin da ya faɗi a banɗaki ƙashin ƙugunsa ya karye. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba na son a ce na zo cin mutuncin wasu ne, kuma maganar gaskiya mutanen sun yi mana ƙoƙari, Allah ya saka musu. Amma akwai abin da na gani a kwanakin nan da ya tsaya min a wuya har yau, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a Garwa ko Marwa ko Ngaundere na san ya ga irinsa, sai dai in bai kula ba.

Ni aikin wuta nake yi, wayarin na gidaje da gyaran fanka da su dijontar, wato makunnin nan da ke yanke wutar gida, shekara sama da goma sha biyar kenan. To ka san mai sana'a duk inda ya shiga idonsa a kan abin sana'arsa yake sauka, tela yana kallon ɗinkin rigarka, ni kuma bango nake kallo. Daren farko da na shimfiɗa tabarma na ɗaga kai sai na ga soket ɗaya tal a ɓangarenmu, an soka masa ralonji, wato wayar ƙari mai bakunan soket da yawa, irin na kasuwa mai siririyar waya, a jikin ralonjin an sake soka wani ralonjin, sannan caja guda bakwai na ƙirga, da fanka ƙarama guda biyu, da hita ta dafa ruwa da wata baiwar Allah ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Na kai hannu na taɓa wayar, zafi kamar an ɗauko ta daga rana. Kuma duk wannan tarkacen a kusa da katifar soso yake, gidan sauro yana reto a kansa.

Ban ce komai ba a daren, don nima cajata tana cikin bakwai ɗin.

Abin da ya tayar min da hankali sosai a dare na huɗu ya faru. Wajen ƙarfe biyu aka ɗauke wuta, can aka dawo da ita da ƙarfi, sai muka ji ƙauri, wannan ƙaurin roba da duk mai aikin wuta ya sani ko a mafarki. Soket ɗin ne ya narke. Na yi wuf na fizge ralonjin, shikenan abu ya mutu, ko harshen wuta bai tashi ba. Amma a ɗan tsakanin nan mutane sun riga sun miƙe, wani yana salati wani yana neman takalmi, wani dattijo da ke jinyar ɗansa ya ruga ƙofar baya don ita ta fi kusa da gadonsu, ya tura ya tura ta ƙi. Sarƙa ce da kwaɗo. Tagogi kuwa duk antibol ne na ƙarfe, irin na hana ɓarawo shiga, an yi masa walda har cikin bango, ko kyanwa sai ta yi dabara. Ƙofa ɗaya ce tak a buɗe, ta gaba, ita ma rabinta tabarmi da kuloli da bokitai sun cinye.

Da gari ya waye na samu mai gadi yana shan shayi a bakin get, dattijo ne mai kirki, na gaishe shi nace Baba dan Allah makullin ƙofar bayan can wa ke riƙe da shi? Yace ɗana ai yana wurin majo. Na samu majo, wato shugabar nas-nas ta ɓangaren, nace Hajiya a yi haƙuri tambaya ce, tace ai tun da aka sace wayoyin marasa lafiya da wata fanka aka rufe ƙofar, makullin yana ofishin mai kula da kaya. Mai kula da kaya kuma ƙarfe uku da rabi na yamma yake tashi, ya kulle ofis ya hau moto ya tafi gida. Kenan daga la'asar har safiya makullin ƙofar da mutum talatin za su tsira ta cikinta yana cikin durowa, a cikin ɗakin da shi ma a kulle yake.

Ban ga laifin majo ba fa. Satar gaskiya ce, ana yi. Ni kaina da wayata a ƙarƙashin kai nake kwana. Amma mu duba abin da muka zaɓa, mun ji tsoron ɓarawon waya fiye da gobara, mun rufe mutanen da ba sa iya tashi da kansu a cikin akurki saboda kar a ɗauke fanka. Kuma abin haushin shi ne akwai hanyar da za a hana ɓarawo shigowa ba tare da an hana na ciki fita ba, sakata ce kawai ta ciki wadda ake zarewa da hannu, ko irin marfin nan da ake turawa daga ciki ya buɗe amma daga waje ba ya buɗuwa. Duk mai walda a Yelwa zai haɗa maka sakata a wuni ɗaya. In ma an dage sai kwaɗo, to a rataye makullin a jikin ƙofar daga ciki cikin ɗan akwati, kowa ya san inda yake. Antibol ɗin ma ana iya yi wa taga ɗaya ko biyu a kowane ɗaki mai buɗewa. Wannan ba maganar kasafin kuɗi daga Yawunde ba ce.

Mutanenmu suna ganin gobarar asibiti kamar abin da ba ya faruwa, gobara ta kasuwa ce, ko ta masu sayar da zuwa-zuwa, wato fetur na jarka, a bakin titi. To ku tuna Senegal. A watan Mayu na 2022 wuta ta tashi cikin dare a ɗakin jarirai na asibitin garin Tibawan, jarirai 11 suka mutu, kuma haɗuwar waya aka ce ta jawo, irin dai abin da na fizge da hannuna. Shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya sauke ministan lafiya Abdoulaye Diouf Sarr aka yi makokin kwana uku. Kuma abin da ya fi ciwo, shekara ɗaya kafin nan, a Afrilun 2021, jarirai 4 sun mutu a irin wannan gobarar a asibitin Lingeer duk a Senegal ɗin, an yi kuka an yi alkawari an koma barci. A Aljeriya a Satumbar 2019 jarirai 8 ne suka tafi a asibitin haihuwa na El Oued, kuma kun san me aka ce ya jawo? Na'urar korar sauro ta lantarki. Abin da kowannenmu yake sokawa a bango ya kwanta. A Indiya ma a Nuwambar 2024 an yi a garin Jhansi, jarirai 10 a dare ɗaya. Waɗannan ƙasashen ba su fi mu sakaci ba, wasu ma sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ai ba sai an gaya maka abin da za ka yi da naka ba.

Sannan mu namu yanayin ya ma fi haɗari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Garwa yana wuce digiri 40, kowa ya kunna fanka, mai hali ya kunna kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, wayoyin cikin silin da aka ja tun zamanin da ginin ke da ƙwan fitila huɗu yanzu su ke ɗaukar firji da injin awo da komai. A daidai lokacin ne kuma ruwan dam ɗin Lagdo yake ja baya, dam ɗin da tun 1982 yake ba arewa wuta da megawat 72 ɗinsa alhali mutane sun ninka, sai a shiga ɗauke wuta a kawo, a ɗauke a kawo. An ƙara tashoshin sola a Gidar da Marwa, an ɗan samu sauƙi, amma duk mai aikin wuta zai gaya maka lokacin da kaya suka fi ƙonewa shi ne daidai sa'ar da wuta ta dawo, ko sa'ar da ake juyawa daga gurup, wato janareta, zuwa wutar gari. In kuma duhu ya yi tsawo sai ka ga an fara kunna kyandir da ashana a ɗakin da ake ƙarin iska.

Bari in tsaya a kan maganar iskar nan ta oksijin, don tun bayan korona tukwanenta da injinan tace ta sun yawaita a asibitocinmu, alheri ne, amma ba a bi mutane da bayani ba. Oksijin ita kanta ba ta kamawa da wuta, sai dai tana sa komai ya ci da sauri kamar an zuba masa fetur. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, in ta ɗan haura haka a rufaffen ɗaki saboda tiyo yana yoyo, zanin gado da bargo da gashin mutum duk sun zama makamashi, ɗan tartsatsin da a da ba zai yi komai ba yanzu ya isa. Kuma mai ko man shafawa in ya haɗu da bakin tukunyar haɗari ne babba. Na ga wata inna tana shafa wa mijinta man zafi da basilin a hanci yana sanye da abin ƙarin iska, tausayi ne ya sa ta, ba wanda ya taɓa gaya mata. A Bagadaza a watan azumin 2021 tukunyar oksijin ce ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib inda ake kwantar da masu korona, mutum 82 aƙalla suka mutu, da yawansu ba su iya ko sauka daga gado ba, wasu kuma 'yan'uwansu ne masu jinya.

Yanzu ga inda nake da saɓani da yadda hukuma ke kallon lamarin. In aka ce za a zo duba asibiti, abin da ake ƙirgawa jar kwalbar kashe gobara ce. Akwai? Akwai. Guda nawa? Shida. A rubuta a sa hannu a buga hatimi. A ɓangaren da Baba ya kwanta akwai guda ɗaya a rataye a baranda, na je na duba ta, allurar agogonta ta sauka daga kore ta kwanta a ja, takardar da ke jikinta ta koɗe ba ka iya karanta shekarar da aka cika ta, zanzaro har ya yi gini a bakin tiyon. A takarda wannan asibitin ya cika sharaɗi. Ya kamata a ce duk shekara ana duba kwalaben nan, mai hoda a duba allura a girgiza ta kar hodar ta dunƙule, mai iskar kabon kuma da ba ta da agogo a ɗora ta a sikeli. Kuma ko lafiyarta ƙalau, mutane ba su san cewa daƙiƙa goma sha wani abu ce kawai take yi ta ƙare ba, ba abin da za ka tsaya kana fesa wa hayaƙi ba ne, zare fil ɗin za ka yi ka nufi gindin wutar. Na tambayi nas ɗin dare, wani yaro mai hankali, nace ƙanena ka taɓa fesa wannan? Ya yi dariya yace Yaya wallahi ko ɗaga ta ban taɓa yi ba.

To in haka ne me kwalbar ta amfana? Ni a ganina tambayoyin da ya kamata mai duba asibiti ya yi daban ne, kuma ba da rana zai zo ba lokacin da darakta yake ofis an share ko'ina. Ya zo da ƙarfe biyun dare. Ya tura kowace ƙofa ya ga ko tana buɗuwa. Ya tambayi nas ɗin da ke aiki ina dijontar ɗin ɓangaren nan yake, ina ake rufe oksijin. Ya nuna wani tsoho mai karyayyen ƙugu irin Babanmu yace in wuta ta tashi yanzu, wa zai fitar da wannan, ta ina, a kan me? In an yi shiru to asibitin bai cika sharaɗi ba ko da kwalba ɗari ce a bango.

Kuma amsar wannan tambayar ta ƙarshe ita ce abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wa zai fitar da shi? Mu ne. Masu jinya. A asibitocinmu da dare nas ɗaya ne ko biyu a kan gadaje ashirin ko talatin, amma kowane gado akwai mutum ɗaya ko biyu a gindinsa, 'ya ko ɗa ko mata ko ƙanwa, mu ke wanka mu ke wanki mu ke dafa kunu mu ke zuwa sayen magani. Tsarin da ake kwafowa daga Faransa an yi shi ne don asibitin da ba a kwana a gindin gado, shi ya sa babu mu a cikinsa sam. Alhali mu ne haɗarin, don mu ke shigo da kurfoti da ƙaramar tukunyar gas da hita da maganin sauro na kunnawa, kuma mu ne kaɗai hannun da ke wurin in abu ya faru. Mutum talatin masu lafiya a cikin ɗaki, in sun san abin yi sun fi motar pompiye, wato masu kashe gobara, amfani a minti biyar na farko, in ba su sani ba kuma su za su toshe ƙofa su tattake juna.

Ba raina pompiye nake ba. Sojoji ne, suna ƙoƙari, lambarsu 118 kowa ya ajiye ta a waya. Amma motarsu a manyan garuruwa take, wanda ke kwance a cibiyar lafiya a Poli ko Tuboro ya lissafa da kansa awa nawa za ta yi kafin ta iso. Ko a cikin Garwa, katifar soso ba ta jiran kowa, cikin 'yan mintuna take cika ɗaki da baƙin hayaƙi mai guba, kuma yawancin waɗanda gobara ke kashewa hayaƙin ne ke kashe su tun kafin wuta ta taɓa jikinsu.

Me zai hana ranar da aka ba mutum gado, kamar yadda ake karanta masa dokar lokacin ziyara da kuɗin da zai biya, a ɗauki minti biyar a zagaya da mai jinyarsa? Ga ƙofar fita, ga ta biyu. Ba a girki sai a can waje inda aka ware. Ba a kunna komai kusa da mai ƙarin iska. In ka ji ƙauri ka yi ihu, kar ka ji kunya. In hayaƙi ya cika ka sunkuya ƙasa don iska mai kyau a ƙasa take. Wutar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an kashe dijontar. Mara lafiyan da ba ya tafiya ba a tsayawa neman keke, a sauke shi da katifarsa ko a naɗe shi a bargo mutum biyu su ja. In an fita a jawo ƙofa a rufe, rufaffiyar ƙofa tana tsare wuta da hayaƙi fiye da yadda mutane ke zato. Kuma a faɗe shi da Fulatanci da Hausa da duk yaren da mutum yake ji, don takardar nan da ake mannawa a bango da Faransanci, rabin masu jinya ba za su iya karanta ta ba, Goggona da ta karɓe ni jinya ranar Juma'a ta ɗauka jadawalin allura ne.

Na san abin da za a ce. Za a ce asibitin da ba shi da safar hannu, da mace ke haihuwa da tocilan waya, kai kana maganar gobara. Gaskiya ne akwai talauci, ban musa ba. Amma duba abubuwan da na lissafa, wanne ne na miliyoyi? Sakata, ɗan akwatin makulli, bokitin yashi, ƙarin soket huɗu masu kyau a kowane ɗaki don mutane su daina jona ralonji a kan ralonji, na'urar jin hayaƙi mai batir da ake mannawa a silin wadda kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba. Kwamitin kula da cibiyar lafiya da ke kowace unguwa, da su lawan da jauro, da attajiran da ke son a ga sunansu a jikin bango, wannan ai aikinsu ne. Babban aiki kamar sake wayarin na tsohon gini shi ne na gwamnati, kuma shi ma a daina ba ɗan'uwan wani kwangila ya sa waya mai siriri a inda ake buƙatar mai kauri, na sha buɗe silin na ga abin da ya sa na yi salati.

Ƙananan asibitocin kuɗi kuwa nasu ya fi ban tsoro, gidan haya ne kawai aka mayar kilinik, ɗakin kwana ya zama na haihuwa, kicin ya zama lab, get ɗaya, gurup da jarkokin fetur a zaure daidai hanyar fita. Haka gidajen masu ɗori inda mutum ke kwana wata guda ƙafa a ɗaure da kara, da wuraren da ake ajiye masu taɓin hankali wasu har da mari a ƙafa. Waɗannan ko a lissafin masu duba ba sa ciki.

Wani kuma zai ce komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Amma a Madina wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa cikin dare, da aka gaya wa Annabi (SAW) cewa ya yi wannan wutar maƙiyiyarku ce, in za ku yi barci ku kashe ta. Bai ce a bar ta ba. Ina ma limamanmu za su ɗauki wannan hadisin su yi huɗuba ɗaya a kai kafin bazara ta shigo.

Kafin a sallame mu na nemi izinin majo na kawo kayan aikina na canza soket ɗin da ya narke, na ƙara guda biyu, ta yi ta godiya har da sa min albarka. Na sake yi mata maganar ƙofar, tace za ta kai maganar sama, kuma na yarda ta kai. Baba ya warke alhamdulillahi, yana takawa da sanda. Wata biyu bayan nan na koma duba wani maƙwabcinmu da aka yi wa aiki, ɓangare ɗaya, gado na uku daga wanda Baba ya kwanta. Soket ɗina suna nan, har an soka wa ɗaya sabon ralonji. Na wuce can ƙarshen ɗakin na leƙa ƙofar baya, sarƙar tana nan, sai dai an canza kwaɗon an sa wani babba.